Yadda na gyara bayan Fijo 504 da ke ƙwanƙwasa

Alhamdu lillahi, ƙarar nan ta tafi. Fijon tsohuwar wagon ce, haɗin Kaduna, gadon babanmu. Bayanta ya zauna ta hagu, kowane rami sai ka ji ƙwam.

Na fara zargin salansa, na ɗaure ta, ƙarar na nan. Na sauya shokozoba biyu, kuɗi kawai suka tafi.

Sai na auna daga ƙasa zuwa bakin bodi saman taya: hagu ya gaza dama da yatsa biyu. Wagon sifirin huɗu gare ta a baya, biyu kowane gefe, na sauya duka, don sabo da tsoho ba sa zama daidai. Robar bushin kuwa, wato robar da ke zagaye da noti a mahaɗar ƙarafan ƙafar baya, ta tsage kamar busasshen ƙanzo, na sa sabuwa.

Mako biyu, sabuwar ma ta tsage. Ashe na ƙulle notin ne motar na kan jak, da aka sauke sai robar ta murɗe. Wannan karon na ɗaura notin sako-sako, na sauke motar kan tayoyinta, na girgiza bayan sau uku, sannan na shiga rami na ƙulle tam.

Na gode wa wani tsohon bakanike da ya tuna mini cewa sai motar na kan tayoyinta ake ƙulle notin.