Bin faɗuwar od a cacar ƙwallo: inda ake yawan tafka kuskure

Da la'asar od ɗin Arsenal, wato ninkin kuɗinka da za a biya ka in ta ci, yana 2.10, kafin isha'i ya sauko 1.80. Nan take saƙo ya cika guruf-guruf na WhatsApp da Telegram: "Manya sun shiga, a bi su kafin a rufe." Mai waya sai ya danna da sauri, yana ganin ya gano sawun masu sani.

Tun daga lissafi aka fara kuskure. A 2.10, ƙungiya na buƙatar cin kusan wasa 48 cikin 100 kafin uwar kuɗinka ta dawo. A 1.80 kuwa sai ta ci kusan 56. Waɗanda suka zuba kuɗi a 2.10 su suka jawo faɗuwar, kuma in akwai riba a wasan sun riga sun kwashe ta. Ƙungiya ɗaya kuka zaɓa da su, amma cinikinku ba ɗaya ba ne. Kamar mutumin da ya ji masara ta tashi a Dawanau ya garzaya saye, alhali dillalan da suka tayar da ita tun da sassafe suka cika shagunansu. Gyaran ba wuya: raba 100 da od ɗin da ke gabanka yanzu, ka tambayi kanka ko da gaske ƙungiyar za ta ci sau haka cikin ɗari. In farashin da ya ja hankalinka ya wuce, wasan ma ya wuce ka.

Sai kuma ɗaukar kowace faɗuwa a matsayin kuɗin ƙwararru. Sau da yawa dalilin a fili yake. Tun kakar 2024/25 ƙungiyoyin Firimiya suke fitar da sunayen 'yan wasa minti 75 kafin take wasa, kuma da an ga babban ɗan gaba yana benci kamfanoni ke gyara od kafin ka gama karanta jerin. Wani lokacin magoya baya ne kawai suka yi wa Real Madrid ko Manchester United rubdugu. A ƙananan gasa kuma, kuɗi kaɗan ya isa ya motsa farashi. Wanda ke son tantancewa yakan duba ko od ɗin ya faɗi a shafukan caca na Pinnacle da Betfair, inda manyan kuɗi ke shiga, ko kuwa a manhaja ɗaya ce kawai. Ko a can ma akwai yaudara. Billy Walters, shahararren ɗan cacar Las Vegas, an san shi da fara saka kuɗi a ɓangaren da ba ya so, sai mabiya sun ruɗe sun bi, farashi ya karkata, sannan ya zuba ainihin kuɗinsa a ɗaya ɓangaren.

Masu cewa "an sayar da wasan, shi ya sa od ya faɗi" ba sai an daɗe a kansu ba. Kamfanoni irin su Sportradar aikinsu ke nan, sa ido kan motsin da ba a saba gani ba, kuma in abin ya yi wari kamfanin caca yakan cire wasan gaba ɗaya. Mai sayar maka da "tabbataccen wasa" yana iya ce wa rabin guruf ɗinsa ƙungiyar gida za ta ci, rabi kuma ta waje. Gobe waɗanda suka dace su zama shaidunsa. Kada ka tura masa ko sisi.

Ban manta ba cewa ga Musulmi maganar ta ƙare tun a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, kuma a 2024 Hisbah ta rufe shagunan bet a Kano. Amma shagon ya koma cikin waya, matasa na bugawa, don haka gara a faɗa musu lissafin yadda yake.

Lissafin kuwa ya fi muni ga mai tara wasanni a tikiti ɗaya, wanda sai duk sun ci ake biya. Ka ɗauki wasa mai ɓangare biyu, kowane 1.90. Saka naira 1,000 a nan, 1,000 a can: ka fitar da 2,000, ko wa ya ci 1,900 za ta dawo. Wannan ɗarin ita ce ladan kamfani, kashi 5 cikin ɗari. In ka jera irin wannan wasa 10 don duk od ɗinsu "na faɗuwa", ladan yana hawa kan lada har ya kai kusan kashi 40. Faɗuwar od ba ta rage shi ko kaɗan.

Akwai hanya ɗaya ta gwada kanka ba tare da ruɗu ba. Duk wasan da ka buga, rubuta od ɗin da ka samu, sannan ka rubuta wanda aka rufe da shi lokacin take wasa. In naka ya fi na rufewa ƙanƙanta ko sun zo daidai a mafi yawan lokuta, a bayan kasuwa kake tafiya, ko da jiya ka ci. In kuma kana cikin 'yan tsirarun da ke riga kamfani akai-akai, ka karanta sharuɗɗan da ka amince da su ranar buɗe asusu: suna da ikon rage yawan kuɗin da za ka iya sakawa, da soke tikitin da suka ce an yi kuskuren farashi a kansa.