Ga masu shirya wa hafsoshi kwas ta intanet

Jama'a, a rage bidiyon lacca. Hafsa ba ya koyon yanke shawara da sauraro, sai ya yanke da kansa ya ga inda ta kai shi. Abin da su Jean Piaget da Lev Vygotsky, masana kan yadda ɗan Adam ke koyo, suka nuna ke nan: ɗalibi ne ke gina iliminsa a kan abin da ya riga ya sani.

Ku ɗora taswira, ku bayyana halin da ake ciki: gada ta karye, mai ya kusa ƙarewa, ga fararen hula a hanya. A ba kowa minti 15 ya rubuta umarninsa da dalilinsa, kuma kada ya ga na sauran sai ya tura nasa. In ba haka ba, kowa bayan mai babban muƙami zai bi. Sai a haɗa su huɗu-huɗu su soki shirin juna. Malami kada ya yi gaggawar faɗin tasa amsar, tambaya kawai zai riƙa jefawa: me ka gani ka zaɓi wannan hanya? Daga nan a ce rediyo ta mutu, su sake lale.

Amma fa bayanan su zama na ƙirƙira, kada a sa na sirri, tunda intanet ce.