Yadda na gyara tirelar da AdBlue ya durƙusar

Tirela ce 'yar Beljiyam, direba ya kawo ta tana jan ciki, ba ta wuce kilomita 20 a awa. Kwamfuta ta ce hayaƙin NOx, wato iska mai guba da injin dizal ke fitarwa, ya yi yawa. Sensar da ke auna hayaƙin na fara zargi, saura ƙiris in sayi sabuwa. Allah ya sa na fara auna ruwan AdBlue, wanda ake fesawa cikin salansa don ya rage wannan hayaƙin: yuriya kashi 32.5 ake so, wannan ko kusa. Ashe takin gona yaron mota ya jiƙa da ruwan rijiya! Na kwance nozul mai fesa ruwan, bakinta ya toshe fari fat kamar kanwa. Na wanke ta da ruwan ɗumi, na juye tanki, na zuba na gaske. Muka hau hanyar Zariya har salansa ta ɗau zafi, sai lambar hayaƙin da sensar bayan salansa ke nunawa ta faɗi ƙasa da ta sensar gaba sosai, alamar gyara ya yi.