Darasi na Tara: Farfela, Zaman Inji da Ɗaga Goshin Jirgi

Ka je bakin ruwa a Yauri ko Malale da sassafe, ka tsaya ka kalli jiragen da ke fita tafkin Kainji. Wani za ka ga goshinsa ya ɗan ɗaga, ruwa na tsagewa ta ƙarƙashinsa, inji na kuka lafiya lau. Wani kuwa ya sunkuyar da kai yana huɗar ruwa kamar garma, mutanen gaba sun jiƙe sharkaf. Na uku ya ɗaga kai sama kamar raƙumi, har sai matuƙi ya miƙe tsaye kafin ya ga gabansa. Sau da yawa injin duka ukun iri ɗaya ne. Bambancin yana wurin lodi, da zaman inji, da farfela.

Goshin da ya nutse yana shan mai, yana kuma ɗiban ruwa idan igiyar ruwa ta taso. Wanda ya ɗaga fiye da kima shi ma matsala ne, domin gindin jirgi ya zauna cikin ruwa ke nan, kuma iska na iya kaɗa goshin gefe. Abin da muke nema shi ne tsaka-tsaki.

Fara da abin da ba ya cin kuɗi

Yawancin matuƙa da zarar goshi ya ƙi tashi sai su ce farfela ce, su nufi kasuwa. Ni ma na taɓa yin haka. Na sayi sabuwa a hannun wani mai kayan inji da ya rantse mini cewa ita ce maganin abin. Na ɗaura, na fita, goshi yana nan yadda yake. Wani dattijo da muke ɗaure jirgi wuri ɗaya ya leƙa ciki, ya ga buhunan masara huɗu da jarkokin mai a can gaba, ya ce, "Yaro, jawo waɗannan tsakiya tukuna." Na ce, "Baba, ai farfelar ce." Bai tanka ba. Da na jawo su, sai goshi ya tashi. Kuɗina dai sun riga sun tafi.

To, lodi ne farko. Kaya masu nauyi su zauna ƙasa, a tsakiyar jirgi ko ɗan baya kaɗan. Marasa nauyi su je gaba. Kuma jirgin da aka yi wa lodin da ya wuce ƙarfinsa, babu farfelar da za ta ɗaga shi. Mutanen yankin nan ba su manta da jirgin da ya nutse kusa da Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi, a watan Mayu na 2021 ba, inda aka rasa rayuka masu yawa. Allah Ya jiƙan su.

Akwai wata gaskiya kuma. Dogon jirgin katako mai nauyi tsaga ruwa yake yi, ba ya hawa kan ruwa ya zame kamar ƙaramin jirgin faiba. Irin wannan jirgi goshinsa kaɗan zai ɗaga, kome ka yi masa. Kada ka kwatanta shi da na faiba ka ɗaga hankalinka.

Sandar ramuka

Dubi wurin da inji ya kama katakon baya. A kowane gefe akwai ramuka a jere, huɗu ko biyar, da wata siririyar sandar ƙarfe da ta ratsa ɗaya daga ciki. Ƙafar inji a kan wannan sanda take jingina. Mutane da yawa tun ranar da suka sayi inji ba su taɓa motsa ta ba.

Idan sandar tana ramin da ya fi kusa da jirgi, ƙafar inji za ta shige ciki. Farfela sai ta riƙa tura gindi sama, goshi kuma ya yi ƙasa. Idan ka matsar da ita ramin da ke nesa da jirgi, ƙafar ta fito waje, gindi ya ɗan zauna, goshi ya tashi. Ka riƙe wannan: ciki, goshi ƙasa, waje, goshi sama.

Ka kashe inji kafin ka taɓa ta. Rami ɗaya za ka matsa, ka fita da irin lodin da ka saba ɗauka, ka gani. In ka ji goshi ya fara tsalle, yana tashi yana faɗuwa tim-tim alhali ruwa kwance yake, ka wuce gona da iri, ka dawo rami ɗaya baya. Ranar da iska ta taso kana fuskantar igiya, gara goshi ya ɗan yi ƙasa ya riƙa yanka ta.

Tsayin inji

A saman farfela akwai wani faifan ƙarfe a kwance. Aikinsa hana farfela jawo iska daga sama. Ka fitar da jirgi tudu, ka ɗora miƙaƙƙen katako a ƙasan jirgi ya leƙo baya. Faifan nan ya kamata ya yi daidai da katakon, ko ya sauka ƙasa da shi da abin da bai wuce inci ɗaya ba.

In inji ya yi ƙasa da yawa, ƙafarsa na jan ruwa a banza, tana fesa ruwa baya, ga kuma dukan duwatsu da kututture. In ya yi sama da yawa, za ka ji inji ya yi ihu wajen kwana amma jirgi bai ƙara gudu ba. Farfela ta sha iska ke nan. Mafi muni, ramukan da ke jan ruwan sanyaya inji na iya fita daga ruwa. Kullum ka riƙa waiwayar ɗan siririn ruwan nan da inji ke fitarwa ta baya. In ya ɗauke, ka kashe nan take.

Injunan nan ana yin su da gajeriyar ƙafa, ta katakon baya mai tsayin inci 15, da doguwa ta inci 20. Ka auna naka kafin ka saya.

Karanta lambar farfela

Yanzu mun zo kan farfelar kanta, kuma a nan karatun da kake koya zai yi maka rana. A jikin kowace farfela an buga lamba. A inji Yamaha mai ƙarfin doki 40, wanda ya cika ruwayenmu, za ka iya ganin an rubuta 11 1/8 x 13-G.

Lambar farko faɗin farfela ce, wato inci 11 da ɗan ɗoriya. Ta biyu, 13, ita ce takunta. Ma'ana, in ta juya sau ɗaya, za ta yi gaba da inci 13 da a ce cikin abu mai tauri take shiga, kamar yadda noti ke shiga katako. A ruwa ba ta cika takun, saboda ruwa na zamewa. Harafin ƙarshe yana nuna irin injin da za ta shiga.

Ka ɗauki taku kamar giyar mota. Ƙaramin taku, kamar 11, giya ce ta jan kaya: jirgi zai tashi da wuri, ya ja lodi, amma ba zai yi gudu sosai ba. Babban taku, kamar 15, na jirgi ne marar nauyi. Ka sa shi a jirgin kaya, inji ya riƙa nishi yana hayaƙi, goshi kuma ya ƙi tashi, don babu ƙarfin da zai ɗaga shi. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani, domin kowa na son babbar lamba.

Irin wannan inji, idan aka murɗa totur har ƙarshe, ana so ya juya tsakanin sau 4,500 zuwa 5,500 a minti ɗaya. Ƙarin inci ɗaya a taku yana rage juyin da kimanin 150 zuwa 200, ragin inci ɗaya kuma yana ƙara shi da haka. Wasu makanikai na da ɗan agogon auna juyi. Ka roƙi ɗaya ya shiga jirgi da kai ranar da kake da lodi.

Abu biyu a siffar fuka-fukan farfela suke taimakon goshi. Ajiye ta a tebur ka dube ta daga gefe. In fuka-fukan sun kwanta baya sosai, nesa da inji, irin wannan tana ɗaga goshi, musamman a jirgi mai gudu. Sannan shafa bakin fiffike na baya da yatsa. In ka ji ya ɗan lanƙwashe kamar bakin cokali, wannan lanƙwasa tana riƙe ruwa, ta ba ka dama ka fitar da sandar ramuka waje ba tare da farfela ta sha iska ba. Mai fuka-fukai huɗu ta fi mai uku riƙon ruwa da jan kaya, sai dai yawanci gindi take ɗagawa, ba goshi ba.

Ta ƙarfe marar tsatsa ta fi ƙarko, ta fi tsada. A ruwan da ke da duwatsu da tsofaffin itatuwa a ƙasa, ni dai ta alminiyom nake sawa. In ta daki abu ita ce za ta lanƙwashe, ba giyar inji ba. Farfelar da bakinta ya gutsure ko ta karkace kuwa, duk lambar da ke jikinta ta zama ƙarya. Ka kuma riƙa cire ta lokaci-lokaci kana duba ko zaren koma ya naɗe a bayanta, don yana cinye robar da ke tare man giya.

Aikin gida

1. Ka kwafo lambar da ke jikin farfelarka a littafinka. Wanne ne faɗi, wanne ne taku?

2. Inji yana juyi 4,200 da farfela mai taku 15. In aka sauya ta da mai taku 13, kuma kowane inci ya ƙara 200, nawa zai juya? Ya shiga adadin da ake so?

3. Ka zaɓi wurare biyu da ka saba bi. Ka yi tafiyar da lodi iri ɗaya sau uku, kowane karo sanda na rami daban. Ka rubuta lambar rami, da mintin da ka yi, da litar man da ka sha, da yadda goshi ya tsaya. Abu ɗaya za ka sauya a kowace fita. Ka sa rigar hana nutsewa, ka zo da littafin mako mai zuwa.