Babi na 3: Ƙaramin tebur, daga awo har shafa banish

Darasi na 1: Tef ɗin awo

To 'yan'uwa, yau babu mai taɓa zarto sai mun gama da tef. Na sha ganin mutum a aji, hannunsa ya iya guduma, ƙarfin yanka akwai shi, amma da ya haɗa tebur sai ka ga yana ɗingishi, ƙafa ɗaya ba ta taka ƙasa. Tun wajen awo aka samu matsalar.

Ɗauko tef ɗinka ka ja shi ka shimfiɗa a kan katako. Yawancin tef gefe biyu ne da shi, ɗaya inci ɗaya santimita. Mu santimita kawai za mu yi aiki da shi a babin nan, kar ka haɗa su, domin inci 1 daidai yake da santimita 2.54, in na ce 45 ka je ka duba gefen inci to ka yanko abin da ya haura mita ɗaya. Tsakanin lamba da lamba akwai 'yan ƙananan layuka, kowane tazara ɗaya milimita ce, guda 10 ne ke cika santimita 1. Layin tsakiya ya ɗan fi sauran tsawo, shi ne rabi. Sa yatsanka a kan 43. Ka gan shi? Matsa zuwa layin tsakiyar da ke gabansa, wannan 43 da rabi ke nan. Koma 43. Yi haka sau biyar, ba abin kunya ba ne, kowa da haka ya fara.

Ɗan ƙarfen bakin tef kuma za ka ji yana ɗan motsi. Bai lalace ba, da gangan aka yi shi don ya cike kaurin ƙarfen, ko ka rataya shi a bakin katako ko ka tokara shi da bango awon ya fito daidai. Don Allah kar ka buga masa guduma wai za ka gyara.

Teburin rubutu tsawonsa wajen santimita 75 ne, mazaunin kujera wajen 45. Namu ƙarami ne na gefen kujera, 45 gaba ɗaya. Saman teburin kaurinsa 2, kenan kowace ƙafa 43.

Darasi na 2: Layi da gefen banza

Nan ne inda kowa ke faɗuwa, don haka za mu daɗe a nan.

Da farko duba bakin katakon da sukwaya, wato ma'aunin kusurwa mai siffar L, in ya karkace yanke shi ya miƙe tukuna, daga nan ne za ka fara awo. Rataya tef, nemo 43, yi alama da fensir mai tsini, alamar ta zama kamar bakin kibiya tsininta a kan 43 ɗin sosai. Ɗora sukwaya ka ja layi. Yanzu layin nan ya raba katakon gida biyu, akwai ƙafar da kake so, akwai ragowa. A kan ragowar rubuta X babba. Wannan shi ne gefen banza.

Zarto yana cin katako. Garin nan da ke zuba ƙasa in kana yanka, ai daga jikin katakonka ya fito. Zarton hannu yakan ci wajen milimita 1, na inji wajen milimita 3. In ka ɗora zarto a tsakiyar layi ko a gefen ƙafar, to a cikin 43 ɗinka ya ci, ƙafa ta gajarce kuma babu mai mayar mata da abin da ya zube. Sai ka ɗora haƙoran zarto a gefen X, dab da layi, ka bar layin a jikin ƙafar. In ka gama yanka ka duba, ya kamata ka ga layin fensir ɗin yana nan a bakin ƙafar.

Mu sake. Awo, alama, layi, X, sannan zarto a gefen X. Kafin ka ja zarton tsaya ka tambayi kanka, ina X ɗin yake? Zarton yana gefensa? To bismillah. In ka ɓata ta farko ba komai, ajiye ta za ta yi wani aikin, ka ɗauko wani katakon ka sake, zarto a gefen X.

Wani abin kuma, kar ka auna ƙafa huɗu a jere a katako ɗaya ka ja layi huɗu sannan ka hau yanka. Kowane yanka zai ci nasa, ƙafafun ba za su zo ɗaya ba. Auna ɗaya, yanke, sannan ka auna ta gaba. Na faɗi wannan har bakina ya gaji amma sai in juya in ga mutum ya jera layuka huɗu babu X ko ɗaya, wai sauri yake. Haba malam! Saurin me, katakon da ka ɓata fa ba zai dawo ba. Rubuta X ɗin nan ko daƙiƙa biyu ba ya ɗauka.

In kana so ka huta da yawan awo, yi wa kanka matokari. Samo faffaɗan katako mai miƙaƙƙen gefe, kafa doguwar sanda a gefen da ƙusa, sannan ka kafa ɗan guntun katako a nisan 43 daga inda zarto zai bi. Kowace ƙafa ka tura ta ta tokari guntun, ka riƙe da kyau ka yanke. Ka riƙa hure garin da ke taruwa a jikin guntun, in ya taru yana rage awo. Ta farko dai sai ka gwada ta da tef, kuma ko a nan zarto a gefen X.

Darasi na 3: Haɗawa

Jera ƙafafun huɗu a tsaye ka ɗora tafin hannu a kansu, ka ji ko akwai wadda ta fita daban. Shafa gam siriri a inda katako zai haɗu, ka fara huda ɗan rami kafin ka ɗaura sukuru don kar katakon ya tsage, musamman kusa da baki. Auna daga kusurwar teburin zuwa kusurwar da ke kallonta a gicciye, ka auna ɗaya ɓangaren ma, in lambar ta zo ɗaya to bai karkace ba. Goge gam ɗin da ya fito da jiƙaƙƙen tsumma, ka bar shi ya kwana.

Darasi na 4: Samfefa

Lambar tana bayan takardar, in ta yi girma samfefar ta fi laushi. Fara da 80, sai 120, sai 180. Bi tsawon jijiyar katako, kar ka gitta ta. Share ƙurar.

Darasi na 5: Banish

Shafa wa teburin banish siriri da buroshi, ka yi aikin a inda iska ke shiga, nesa da wuta. Bari ya bushe kamar yadda aka rubuta a jikin gwangwanin, ɗan goga da samfefa mai lamba 220, ka sake shafawa. Sau biyu ko uku ya isa.