Darasi Na Shida: Yadda Ake Rage Kachalla A Fadama

Kachalla, wata doguwar ciyawa mai tsirowa a cikin ruwa, ta yi yawa a fadamar Haɗeja da Nguru bayan an gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. A da, ruwa kan janye da rani, ƙasa ta bushe. Yanzu ana sako ruwa har da rani, kachalla kuwa abin da take so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa, tsuntsayen jan-baki kuma sun samu wurin kwana.

Mutane da yawa wuta suke sa mata. Aikin banza ne. Ƙarfin kachalla yana cikin saiwarta da ke kwance a laka, wuta ba ta kaiwa can. Bayan 'yan makonni sai ta sake tohowa.

Ta ganye saiwar take shan iska. Don haka a ƙarƙashin ruwa ake yanka ta, da lauje ko adda, kamar santimita 15 zuwa 20 ƙasa da saman ruwa. Idan ruwa ya rufe kututturen, iska ba ta shiga, saiwa ta ruɓe. Idan aka yanka a sama, ko ruwa ya janye kututture ya fito fili, an yi wahala a banza. Lokacin da ya fi shi ne sa'ad da ta fara fitar da kai, domin a lokacin abincin da ta tara a saiwa ya ragu. Duk wadda ta sake leƙowa a sake yanke ta, sau biyu ko uku a shekara.

A kwashe abin da aka yanka zuwa tudu. In an bar shi a ruwa zai ruɓe, ruwa ya lalace, kifi ya mutu. Busasshiyar kachalla tana yin asabari da jinka da taki.

Kada a share ta duka. A fara da hanyar ruwa da mashigar kwale-kwale, a bar wani yanki a gefe, domin nan ƙananan kifi suke fakewa, tsuntsaye su yi sheƙa.

Aikin gayya ne, a sa Sarkin Ruwa a ciki. Wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan aikin ya je asibiti, domin ruwan kachalla yana da katantanwa mai kawo tsargiya.