Yadda za ka gane irin sauron da ke gidanka a Yamai

Duk ranar Juma'a da safe nakan zagaya gidanmu a Bukoki da farin kofi a hannu, ina ɗibar ruwa ina dubawa. Sauro iri uku nake nema, kowanne da ruwan da yake so. Sati ɗaya zuwa kwana goma ya ishi ƙwai ya zama sauro a zafin nan namu, shi ya sa ba na tsallake sati.

Fara da ruwan sama da ya kwanta a rana: sawun taya, ramin bulo, gefen lambu. Ɗibo a hankali. In ka ga tsutsa kwance miƙe a saman ruwa, Anopheles ce, mai kawo masassarar cizon sauro, wato palu. Idan ya girma, tsayuwarsa a bango daban ce, kai ƙasa, gindi sama. Da dare yake cizo. Cike ramin da ƙasa, ka kwantar da yara cikin sange, ka tura bakinsa ƙarƙashin katifa. Mutanen bakin rafin Gunti Yena da gonakin shinkafa na Saga ba za su iya cike ruwansu ba, su kam sange dole ne har da rani.

Na kwata da salga, wanda tsutsarsa ke rataye kai ƙasa, Culex ne. Shi ya fi yawa, shi ke hana barci, amma ba ya sa palu. Yashe kwatar, ka rufe bakin salga.

Wanda ya fi damuna shi ne Aedes, baƙi mai zanen fari a ƙafa. Da rana yake cizo, musamman da hantsi da la'asar, lokacin da sange yake naɗe. Shi ke ɗauke da cutar zazzaɓi da ake kira dengi, wadda ta addabi Burkina Faso a 2023, da kuma ciwon shawara. Ruwa mai tsabta yake so: randa, bido, tsohuwar taya a kan rufi, kaskon ruwan kaji. Zubar da ruwan kawai bai wadatar ba, domin ƙwansa yana manne a jikin mazubi, yana jure bushewa wata da watanni. Sai ka sa soso ka goge ciki sosai, sannan ka rufe da marfi mai kamawa. Na san ruwa da tsada, ba a so a zubar. Tace shi da ƙyalle mai kauri ka yi wanki da shi.

Yaro ya yi zazzaɓi, kai shi likita a gwada jini tun ranar. In gwajin palu bai nuna komai ba amma ga ciwon gaɓoɓi da ciwo a bayan ido, faɗa wa ma'aikacin lafiya. Kada a ba shi asfirin ko ibuprofen kafin a tantance, suna iya jawo zubar jini idan dengi ce.